Tallafin Ingancin Abinci: Kuɗin Na Nan, Amma Sai Mai Takamaimiyar Matsala

Jama'ar Sakkwato, musamman Alhazanmu masu harkar wake, riɗi, gyaɗa da albasa, duk lokacin da aka ce an dawo da kayan Najeriya daga Turai sai mu ce ƙiyayya ce. Wani lokacin akwai siyasar kasuwa a ciki, ban musa ba. Amma yawanci abin da ke dawo da kaya ana iya auna shi da na'ura, kuma a sito ko a wurin shanya yake shiga buhu.

Mu ɗauki wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari mai suna diklorbos, wanda shi ne a cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, wato giram ɗaya tak a cikin buhu dubu masu kilo ɗari-ɗari. A wasu samfuran da suka gwada an samu har miligiram 4.6, ninki 460 ke nan. An ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce, daga baya aka yi ta tsawaita ta. Kuma kowa ya san yadda abin ke faruwa: ɗan kasuwa ya sayi wake da kaka, yana tsoron ƙwaro ya huda masa kafin farashi ya tashi, sai a baza waken a ƙasa, a yayyafa magani kai tsaye, a juya da shebur, a mayar cikin buhu. Maganin da aka yi don feshin gona da bangon sito, ga shi a jikin abinci. Waken da bai tsallake teku ba, mu ne muke cin ƙosansa da alalarsa.

To akwai asusun da aka kafa musamman don irin wannan matsala, ana kiransa STDF. Hukumomi biyar suka haɗu suka kafa shi: Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya, Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, Bankin Duniya, da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ofishin asusun ke cikin hedikwatarta a Janiba. Aikinsa shi ne taimaka wa ƙasashe masu tasowa su cika ƙa'idojin tsaftar abinci da lafiyar dabbobi da tsirrai, don kayansu su shiga kasuwannin duniya.

Tallafin iri biyu ne. Akwai ƙarami, har dala 50,000, wanda ake bayarwa don a yi binciken matsala a kuma tsara takardar babban shiri. Akwai babba, har dala miliyan ɗaya, na aikin da yawanci ba ya wuce shekara uku. Ba kyauta zalla ba ce: ƙasa mai matsayin tattalin arziki irin na Najeriya za ta kawo gudummawar aƙalla kashi 20 cikin ɗari, ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba irin su Nijar kuma kashi 10. Ana karɓar gudummawar ko da ba tsabar kuɗi ba ce, kamar lokacin ma'aikata da wurin horo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ke kashe wa wasu gwiwa, shi ne asusun ba ya gina gini, ba ya sayen mota, ba ya sayen manyan injuna. Duk wanda ya rubuta cewa yana son a gina masa katafaren sito da motoci biyu na zagaye, ya ɓata takardarsa da kansa.

Najeriya ta taɓa amfana. Akwai shirin riɗi da man kaɗe da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, ta gudanar a baya, sannan a watan Maris na 2024 shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙaddamar da wani na riɗi da wake a Abuja, na kimanin dala miliyan 1.2. Ra'ayina a nan shi ne wannan kuɗi ƙanana ne idan aka kwatanta da girman ƙasar, kuma amfaninsa ya dogara kacokan kan inda ya sauka. Idan ya ƙare a otal, da jaka da biro da kuɗin zama, buhun wake bai san an yi ba.

Inda ya kamata ya sauka shi ne hannun mai ajiya. Maganin matsalar wake sananne ne kuma ba shi da tsada sosai: buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Amma shi ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ake kuskure. Dole waken ya bushe sarai, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin ɗari, in ba haka ba zai yi fumfuna a ciki. A sheƙe shi a cire tsinke da tsakuwa, don su ke huda leda. A duba kowace leda kafin a zuba, ko ramin allura ya isa ya shigar da iska. A matse iskar, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Wanda ya haɗa su uku ya ɗaure wuri ɗaya bai yi komai ba. A jera kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwaro da ke ciki zai cinye iskar da ta rage ya mutu, babu ɗigon magani. Mai buɗewa duk mako don ya leƙa kuwa, shi ke ba ƙwaron numfashi.

Masu manyan sito da ke amfani da ƙwayar fostoksin, mai fitar da iskar guba don kashe ƙwari, su ma suna bukatar horo na gaske. Ba a jefa ta cikin wake tsirara a kwana a ɗaki ɗaya da ita, ta kashe mutane ta haka. Ana lulluɓe tarin buhuna da tamfol marar huda, a danne gefensa, a sa ƙwayar a faranti ko ambulan don tokarta kada ta taɓa hatsi, a bar shi rufe kamar mako guda, sannan a buɗe ya sha iska.

Gyaɗa matsalarta afulatoksin ce, dafin da fumfuna ke fitarwa, mai lalata hanta. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikurogiram 4 na dafin a kilo (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya). Dafin yana farawa tun daga gona idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina, ya ƙaru idan an tara gyaɗa da danshi. Akwai Aflasafe, maganin rage wannan dafi na cibiyar binciken noma ta IITA, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin fure, sai shanya a kan tamfol da tsince masu baƙi da masu huda. Riɗi kuwa ƙwayar cutar salmonela ke kayar da shi, kuma hanyarta gajera ce: an kakkaɓe shi a ƙasa, kaji da awaki sun bi ta kai.

Albasa ce ta fi damuna, don ita ce tamu. Daga Goronyo, Wurno, Kware zuwa Gada ana noma ta, tana bi ta Illela tana fita, tana kuma gangarawa kudu. Asarar da ake yi a rudu kowa ya gani da idonsa. Sai dai a yi hattara: ruɓewar albasa ita kaɗai ba dalilin da wannan asusu ke ba da kuɗi ba ne. Dole a nuna wata ƙa'ida ta lafiyar abinci ko ta tsirrai da ke hana ta shiga wata kasuwa takamaimai. Misali ragowar maganin feshi saboda ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a cire ba, ko rashin takardar shaidar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa, ko rashin hanyar gano gonar da buhu ya fito. Wannan na ƙarshe babban giɓi ne a wurinmu. Buhu ya ratsa hannun dillalai huɗu, an gauraya kayan ƙauyuka goma, idan gwaji ya faɗi babu wanda zai ce ga inda laifin yake, sai a hukunta kowa.

Saboda haka takardar da za ta yi nasara daga Sakkwato ita ce mai amfanin gona ɗaya, matsala ɗaya, kasuwa ɗaya. A fara da neman ƙaramin tallafin nan na dala 50,000. A ɗebi samfura daga gonaki da kasuwanni a kai ɗakin gwaji mai shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙasa da ƙasa ta ingancin ɗakin gwaji, don sakamakon wanda ba shi da ita mai saye a waje ba zai duba ba. Da wannan sakamako za a rubuta babbar takarda. Mutum ɗaya ba ya nema don kasuwancinsa. Ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa ce za ta haɗu da Ma'aikatar Gona ta jiha da malaman noma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kuma samo wasiƙun goyon baya daga NAQS, NAFDAC da NEPC. Kwamitin asusun yana zama sau biyu a shekara, kuma wasiƙun nan su ne suka fi cin lokaci, don haka su ake fara bi tun kafin a rubuta layin farko.