Katun ɗin BoJack bai yi duba ba, abin da Hollywood ta daɗe da sani ya faɗa

Tun daga watan Satumban 2025, lokacin da aka gabatar da Tilly Norwood a birnin Zurich a matsayin jarumar fim da aka ƙera da ƙirƙirarriyar basira, har ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta SAG-AFTRA ta fito ta yi tir da lamarin, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a Facebook da TikTok, kuma ta kai ni maƙura. Ana yanko 'yan daƙiƙu daga katun ɗin BoJack Horseman, a liƙa su kusa da labarin da ya fito jiya, a sa kiɗa mai tayar da tsigar jiki, sannan a rubuta cewa marubutan shirin sun hango abin tun kafin ya faru. Masu sharhi a ƙasa kuwa sai su ƙara gishiri: wani ya ce 'yan ƙungiyar asiri ne, wani ya ce da aljanu suke aiki, wani ya tuna mana cewa haka katun ɗin The Simpsons ya hango zaman Donald Trump shugaban Amurka. Wannan fassara ba kuskure ba ce kawai. Tana wanke masu laifi, tana kuma zubar da darajar aikin da marubutan suka yi.

Shirin ya fara fita a Netflix a watan Agustan 2014, ya ƙare a Janairun 2020 bayan zango shida, Raphael Bob-Waksberg ne ya ƙirƙire shi, Lisa Hanawalt kuma ta tsara zanensa. Labarin wani doki ne mai tafiya da magana kamar mutum, wanda ya yi tashe a wani wasan barkwanci na talabijin daga 1987 zuwa 1996, tauraronsa ya dushe, ya koma zaman giya da nadama a katafaren gidansa da ke kan tsaunukan Los Angeles. Duniyar da aka zana cike take da shaguɓe. Akwai daraktan da aka mai da shi gizo-gizo aka raɗa masa Quentin Tarantulino don shaguɓe ga darakta Quentin Tarantino, akwai harafin ƙarshe na allon Hollywood da aka sace, garin ya koma Hollywoo kowa kuma ya karɓi sabon sunan ba musu. Waɗannan su ne masu yanka bidiyo suke ƙirgawa, kuma ba laifi a yi dariyarsu. Amma kwalliya ce. Nauyin shirin yana wani wuri, a daidai inda ake cewa ya yi duba.

A ɗauki misalin da aka fi yaɗawa yanzu. A zango na biyu, wanda ya fita a Yulin 2015, BoJack ya samu aikin da ya daɗe yana mafarki, wato ya fito a matsayin Secretariat, dokin sukuwar nan na gaske da ya lashe manyan gasanni uku na Amurka a 1973. Tun farkon aiki aka ɗauki hoton fuskarsa da na'ura aka adana a kwamfuta. Da ya yi fushi ya bar wurin ɗaukar fim ya ɓace a jihar New Mexico, sai ya dawo ya tarar an gama fim ɗin ba shi. Furodusan, wani tsohon kunkuru, ya shaida masa ba tare da wani jin nauyi ba cewa kwamfuta ta cike gurbinsa, kuma da suka ga ta fi shi iya wasa sai suka cire shi daga fim ɗin gaba ɗaya. A zango na uku aka shiga yawon nema masa kyautar Oscar a kan wasan da ba shi ya yi ba. Shekara takwas bayan haka, a 2023, 'yan wasan Amurka suka shiga yajin aiki na kwana 118, kuma batun kwafin fuska da murya yana cikin manyan abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kansu. Shi ne ake ce mana an hango.

Wane hange? Ɗan wasa Brandon Lee ya rasu ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin The Crow a 1993, aka kammala shi da taimakon kwamfuta. Oliver Reed ya rasu a 1999 ana tsakiyar aikin Gladiator, aka yi haka. Paul Walker ya rasu a Nuwamban 2013, aka ɗora fuskarsa a jikin 'yan'uwansa, Furious 7 ya shiga sinima a Afrilun 2015, wata uku kacal kafin wancan zango na BoJack ya fita. Marubucin da ke zaune a Los Angeles, yana cin abinci da 'yan wasa da wakilansu, ba ya bukatar bugun ƙasa kafin ya yi wa kansa tambayar da ta rage: idan ana iya yi wa mamaci, me zai hana a yi wa mai rai wanda ya cika rigima ko ya cika tsada? Amsar tana nan a fili shekara ashirin, kamfanoni sun santa, lauyoyinsu sun santa. Wanda ya kira wannan duba yana cewa ne, ko ya sani ko bai sani ba, abin ya zo wa masana'antar ba zato, alhali ita ce ta daɗe tana share masa hanya.

Inda wannan fassara ta fi yin ɓarna shi ne a kashi na bakwai na zango na biyu, mai suna Hank After Dark, kuma a nan ne zan fi daɗewa domin shi ne zuciyar maganata. Hank dorina ce da aka zana a matsayin dattijon mai gabatar da shirin dare, wanda ƙasa duka take kira kawu. Diane, marubuciyar da ta rubuta tarihin BoJack, tana amsa tambayoyi a wajen tallar littafi, sai ta ambaci sunansa cikin jerin fitattun da aka zarga da abin da ya fi na BoJack muni. Ta ce tsofaffin mataimakansa mata su takwas sun yi ƙorafi iri ɗaya a kansa, kuma ba wani sirri ta tona ba, duk mai son gani zai same shi a intanet. Daga nan duniya ta juyo kanta. Wasiƙun barazanar kisa suka cika gidanta, gidajen labarai suka mai da ita abin tuhuma, mujallar da ta yi alkawarin buga labarin ta janye domin ita da tashar da Hank yake aiki duk na uban gida ɗaya ne. Mijinta ma, wanda sabon shirinsa yake a waccan tasha, ya roƙe ta ta bar maganar. Hank ya same ta a wurin ajiye motoci, ya gaya mata cikin natsuwa cewa gobe wani labarin zai taso a manta da wannan, haka kuwa aka yi. Kashin ya ƙare tana zaune a filin jirgi cikin baƙin ciki, wani namiji da bai san ta ba yana ce mata ta yi murmushi.

Masu bidiyo suna cewa an hango Harvey Weinstein, babban furodusan Hollywood da aka zarga da cin zarafin mata, tunda jaridar New York Times ba ta fasa ƙwan ba sai ranar 5 ga Oktoban 2017. To amma ai shi kansa kashin ya ƙaryata su da bakin Diane, wadda ta nanata cewa abin ba ɓoyayye ba ne. Andrea Constand ta zargi fitaccen ɗan barkwanci Bill Cosby da cin zarafinta tun 2005, aka sasanta ƙarar a 2006, jama'a suka ci gaba da kiransa Baban Amurka har sai da ɗan barkwanci Hannibal Buress ya tayar da maganar a kan dandamali a Oktoban 2014. David Letterman, mai gabatar da shirin dare, ya amsa da bakinsa a cikin shirinsa a 2009 cewa ya yi mu'amala da mata masu aiki a ƙarƙashinsa, ya ci gaba da gabatarwa har 2015. Shi Weinstein ɗin, a Janairun 2013 Seth MacFarlane ya yi masa shaguɓe a bainar jama'a wajen sanar da 'yan takarar Oscar, ɗakin ya yi dariya, aka wuce. Wannan dariyar ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, domin ba a dariyar habaicin da ba a gane ba. Bahaushe ya riga ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma 'yan kasuwar ma sun sani. Abin da kashin Hank ya nuna shi ne yadda ake binne magana bayan kowa ya ji ta: wa yake bugo waya, wa yake janye labari, wane miji ne yake tsoron rasa aikinsa. Duk wanda ya mai da wannan abin al'ajabi na 'yan duba ya taimaka wa waɗanda suka fito a 2017 suna rantsuwa cewa ba su taɓa jin komai ba.

Haka labarin yake a kan Vance Waggoner na zango na biyar, jarumin da ya zagi kowa ya doki mata sannan aka shirya biki na musamman aka ba shi kyautar yafiya, wanda ya fito a 2018, shekara ɗaya bayan Mel Gibson ya dawo cikin 'yan takarar Oscar duk da kalaman ƙin Yahudawa da ya furta lokacin da aka kama shi a 2006. Haka kuma Sarah Lynn ta cikin shirin, yarinyar da aka sa a gaban kyamara tun tana ƙarama, aka tatse ta, ta mutu da ƙwaya a jikinta. Ana cewa an hango shari'ar da mawaƙiya Britney Spears ta yi a 2021 a kan ikon da mahaifinta yake da shi a kan rayuwarta da dukiyarta, an manta cewa tun 1939 jihar California ta yi dokar kare kuɗin yara 'yan wasa, bayan Jackie Coogan ya kai mahaifiyarsa da mijinta kotu a kan dukiyar da ya tara yana yaro. Batun Trump da The Simpsons ma bai wuce haka ba: kashin ya fita a Maris na 2000, makonni kaɗan bayan Trump ya janye daga neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Reform.

Masu cewa ai katun ne na yara ba su kalli ko kashi ɗaya ba, kuma ina gargaɗin iyaye da gaske cewa wannan shiri ba na yara ba ne, akwai shaye-shaye da batsa a cikinsa. Masu cewa Hollywood tana zagin kanta ne don ta sayar da zagin suna da ɗan abin kamawa, tunda Netflix ba gidan sadaka ba ne, amma kuɗin da aka samu bai mai da gaskiya ƙarya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ne bai kamata a yaudara da wannan ba. Mun taso muna jin zambo da habaici a bakin makaɗa, mun ga 'yan kama suna kwaikwayon malami suna jan baƙi a kan tuwo da miya, mun ga yara a tashe suna kwaikwayon dattijon da ya tsufa bai daina kwaɗayi ba. Ba wanda ya taɓa cewa maroƙin da ya yi wa marowaci zambo ya yi duba don daga baya rowar ta fito fili. Kowa ya san a unguwa yake, yana gani, yana ji, ya kuma samu hanyar faɗa da ba za a kama shi da sunan kowa ba. Dabarar zanen dabbobi ke nan. Dorina ba ta kai ƙara kotu, kunkuru ba ya ɗaukar lauya, don haka marubuci yana iya faɗin abin da ɗan jarida yake jin tsoron bugawa. Idan aka cire wannan aka sa aljanu a madadinsa, an raina basirar mutanen da suka zauna suka lura da muhallinsu, an kuma koya wa matashin mai kallo cewa gaskiya ba a samunta da lura da ƙarfin hali sai da asiri. Matashin da ya yarda da haka ba zai taɓa tunanin shi ma zai iya duban masana'antar fim ta garinsu, da yadda ake biyan ƙananan 'yan wasa da yadda ake ɗaukar sababbin shiga, ya rubuta abin da ya gani ba.

Gyaran ba wani mai wuya ba ne. Masu shafukan da suke fassara irin waɗannan bidiyoyi zuwa Hausa su riƙa sa shekarar da kashin ya fita tare da abin da ya riga ya faru kafin ta, gidajen labaranmu kuma su daina kwafo kanun labarai masu cewa katun ya yi hasashe don neman masu latsawa. Mai kallo shi ma ya sauya tambaya, daga yadda aka yi marubutan suka sani zuwa su wa kuma suka sani suka yi shiru. A kan batun kwafin fuska dai amsar tana rubuce: sai a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin aikin a Nuwamban 2023 kamfanonin suka amince da cikakkun sharuɗɗan neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin a yi amfani da kwafinsa, shekara talatin bayan rasuwar Brandon Lee.