Shataletalen da ba kowa a Richmond, da tambayar da 'yata ta yi mini

Idan na taso daga aiki nakan bi ta wani faffaɗan titi a Richmond, babban birnin jihar Bajiniya a Amurka, inda akwai wani shataletale da babu komai a cikinsa sai ciyawa da shuke-shuke. Lokacin da na fara zuwa garin nan, wani ƙaton doki ne na tagulla da mahayinsa a wurin, bisa dakalin da sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa. Janar Robert Lee ke nan, wanda ya ja ragamar sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka. Tun 1890 yake tsaye a nan, sai ranar 8 ga Satumba 2021 aka sa ƙugiya aka sauke shi, aka yanka shi gida biyu don ya shiga mota. Ina cikin masu kallo a ranar. Wasu na shewa, wasu sun haɗe rai kamar an yi musu rasuwa.

Maƙwabcina na cikin waɗanda abin ya yi wa zafi. Dattijo ne farar fata, mutumin kirki, shi ke share mini ƙanƙara a ƙofar gida idan na yi aikin dare. Ya ce mini yaƙin nan ba a kan bayi aka yi shi ba, 'yancin jihohi ne kakanninsa suka kare. Na ce, "To ranka ya daɗe, 'yancin su yi me?" Ya yi dariya ya koma kan zancen motarsa.

Su jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka har aka yi yaƙin ba su yi wannan nuƙu-nuƙun ba. Takardar da jihar Misisipi ta fitar ta bayyana dalilin ficewarta, tun a layukan farko ta ce matsayinta ɗaure yake da bauta. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4 a ƙasar, kuma audugar da suke nomawa ita ce fiye da rabin abin da Amurka ke fitarwa waje, masaƙun Ingila na jiran ta. Tun da aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793 farashin bawa ya yi ta hawa. Rigimar kuwa a kan sababbin yankunan yamma take: a shiga da bayi ko kada a shiga? An yi ɗinkin sulhu a 1820, an sake a 1850, ɗinkin na tsinkewa. A 1857 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya kai ƙarar neman 'yancinsa, cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi ma da bakin kai ƙara. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamba 1860, shi da bai ma yi alkawarin 'yanta kowa ba, cewa kawai ya yi bauta ba za ta ƙara faɗi ba, Karolina ta Kudu ba ta jira a rantsar da shi ba. Ranar 20 ga Disamba ta fice, jihohi goma suka bi ta, kuma garin nan da nake zaune ya zama fadarsu.

An fara harbi ranar 12 ga Afrilu 1861, kowane ɓangare yana ganin kafin kaka an gama. Shekara huɗu aka yi. A fagen daga na Antietam, yini ɗaya tak a Satumba 1862, mutum kusan 23,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace. Bayan wannan ne Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye, ta fara aiki 1 ga Janairu 1863, aka kuma buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga soja. Kusan 180,000 suka sa kaki.

A cikinsu akwai wanda labarinsa ya hana ni barci ranar da na fara jin sa. Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa a Borno, ɗan Barka Gana, ɗaya daga manyan mayaƙan Shehu Laminu. Yana yaro mahara suka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya bi hannu-hannu daga Turabulus zuwa Santambul har Rasha, inda ya koma Nicholas Said. Ƙarshe ya sauka Amurka da 'yancinsa, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets ya yaƙi masu bayi. Ku lura da inda aka fara sa masa igiya. Ba jirgin Bature ba ne ya ɗauke shi.

Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, kwana biyar bayan nan aka harbe Lincoln a gidan wasan kwaikwayo. Waɗanda suka mutu a yaƙin, ƙiyasi mafi ƙanƙanta 620,000 ne. A Disamba aka gyara kundin tsarin mulki aka haramta bauta. Sai dai filayen da aka fara raba wa 'yantattu an ƙwace an mayar wa iyayen gijinsu, a 1877 sojan tarayya suka janye daga Kudu, aka shigo da dokokin wariya, aka hana baƙaƙe jefa ƙuri'a da dabaru iri-iri har sai 1965. Gunkin Lee ma ai a tsakiyar wannan zamanin aka kafa shi. Saboda haka kada wani ya ɗauka na zo yabon Amurka ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne daban. 'Yata ta dawo daga makaranta da aikin gida a kan wannan yaƙi, tana cikin rubutu ta ɗago ta ce, "Baba, mu ma an yi bayi a wajenmu?" Ban yi wata-wata ba na ce, "An yi, amma namu ba irin nasu ba ne." Ina rufe baki na ji muryar maƙwabcina ce ta fito daga maƙogwarona.

Akwai gaskiya a maganar, ba zan musa ba. A wajenmu ba launin fata aka bi ba. Bawa na iya biyan murgu ya yi sana'ar kansa, ya tara ya fanshi kansa. Ƙwarƙwara ta haifi sarki, ɗanta ya hau gado ba wanda ya ce uffan. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano bayin sarki ne, amma hakimi sai ya bi ta hannunsu. A Bajiniya wannan ko a mafarki. To amma mu kan nan muke tsayawa, kamar duk bawan ƙasar Hausa a fada ya zauna cikin alkyabba. Rinji fa, ƙauyen bayin gona? Waɗanda suka yi noman gandu daga fitowar rana, suka noma audugar da aka saƙa da babar da aka rina a Kano? Garuruwan da aka kai wa hari aka kwashe mata da yara, har da Musulmin da shari'a ta hana a bautar? Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa 2 da rabi. A Amurka an gama bauta a 1865, mu kuwa shekara talatin da biyar bayan nan kasuwar tana ci.

Kuma ba mu ne muka rufe ta ba. Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, shi ne ya hana hari da saye da sayarwa, ya ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Waɗanda ke hannu ya bar su a hannu, don yana buƙatar sarakuna, kuma yana tsoron gandaye su mutu haraji ya tsaya. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A Nijar sai 2003 aka mai da ita laifi mai hukunci, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da aka sayar tana 'yar shekara goma sha biyu. Jiya-jiya ke nan.

Alhamdu lillahi da ba a zubar da jini a kanta a wajenmu ba, ba na yi wa ƙasata fatan Antietam. Amma saboda ta mutu a hankali, da umarnin baƙo, ba a taɓa tilasta mana mu tsaya mu ce abin nan ba daidai ba ne. Su nan suna faɗa a kai har gobe, a majalisa, a makaranta, a gindin gunki, har sun mai da 19 ga Yuni ranar hutu ta ƙasa, ranar da labarin 'yanci ya isa Teksas. Faɗan ba daɗin ji, amma yarinya 'yar aji bakwai ta san sunan abin. Ni na yi firamare da sakandare a gida, an koya mini jerin sarakuna da shekarunsu, ba malamin da ya taɓa furta kalmar rinji. A bakin tsofaffi na tsince ta, da ita da "bacucane", wato wanda aka haifa cikin bauta, cikin raɗa, galibi idan ana binciken asalin mai neman aure.

A makon nan na kira Gwaggo na tambaye ta maganar auren wata 'yar uwarmu da na ji an fasa. Yaron na da aiki, yana da karatu, ba a same shi da komai ba. Ta ja numfashi ta ce, "Kai ɗan nan, zaman Turai ya sa ka manta? An bincika ne. Kakan kakansa a gidan su wane ya tashi." Na ce, "Gwaggo, shekara ɗari da ashirin fa." Ta ce ita dai ba ita ta hana ba, kawunnai ne, sannan ta tambaye ni ko na san nawa buhun masara ya kai a kasuwa yanzu.