Ɗan ƙaramin rile da ya cece mu a hanyar Tambuwal

Watan jiya muna dawowa Sakkwato daga Birnin Kebbi mota ta mace muna daf da Tambuwal, ana ba ta kik tana juyi amma ta ƙi tashi, ga rana kamar ta narka mutum. Wani yaro mai wayarin ya zo ya buɗe akwatin fiyus, ya ce "Alhaji famfon mai ne ba ya samun wuta", ya zare rilen hon, wato ɗan makunnin nan mai maganaɗisu da ke sakar ma hon wuta, ya soka a gurbin na famfon, sai ga mota ta tashi. Haka munka iso gida ba hon, ina ta ɗaga ma 'yan kabu-kabu hannu.

Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne rilen guda biyu ƙira ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa juya rile ya duba gindinshi zai ga lambobi, 85 da 86 su ne ke jan maganaɗisun, 30 wutar batir, 87 kuma inda wutar ke fita zuwa famfo ko fitila ko fankar lagireto. Jamusawa ne sunka tsara lambobin a ƙa'idarsu ta DIN 72552, kamfunna da dama sunka bi. Haka fiyus mai ƙafa biyu, kalarshi ke nuna ƙarfin wutar da yake ɗauka, wato amfiya (A), ja 10 ne, shuɗi 15, ɗorawa 20, kore 30, ko yaron da bai yi boko ba ya san wanga. Soket ɗin da ake jona kwamfuta a ƙasan sitiyari ma Amurka ce ta tilasta shi tun 1996, rami 16, shi ya sa na'ura ɗaya ke karanta Toyota ta karanta Peugeot.

Ni a ganina ba wanda ya ci moriyar wanga daidaito kamar mu. Bature in motarshi ta ɓaci dila na nan kusa, mu kuwa motocinmu sai sun tsufa can sannan su biyo ta Kwatano, su zo su haɗu da zafin watan Afrilu da ya wuce digiri 40 da ƙurar hunturu, kuma ba kamfanin da ke binsu da kayan gyara har Illela ko Isa. Abin da ke riƙe da su kawai shi ne kayan wata na shiga wata.

To amma yanzu abin ya fara canzawa, kuma shi ke damuna. Sababbin motoci da yawa ana liƙe rilen ne da dalma a jikin allon lantarki cikin akwati guda a rufe, in ɗaya ya ƙone ba zancen zarewa, sai dai a ce ka sayi akwatin gaba ɗaya, wani ma sai an saita shi da kwamfuta kafin motar ta yarda da shi. Masu ƙera motar za su ce hakan na rage waya da nauyi da tsatsar soket, kuma ban ce ƙarya suke ba, sai dai wanda ya yi lissafin bai taɓa kwana a daji saboda abin da bai kai akwatin ashana ba.

Kuma kar a ɗauka duk mai ƙafa huɗu ɗan'uwan juna ne. Motocin Japan da yawa na da nasu fasalin, akwai kuma wanda anka musanya ma wurin 30 da 86, ka soka shi a inda ba nashi ba ka ƙona waya. Ga jabu, wanda da yake ƙirar a buɗe take kowa na iya buga ta, a rubuta 40A a jiki alhali ko rabin haka ba ya ɗauka. Nan ne ya kamata hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta matsa, don girma ɗaya ba shi ne inganci ɗaya ba.

Gwamnatocin jihohi da ke sayen motoci ɗari-ɗari su ma suna da bakin magana, kafin a sa hannu a tambayi dila ko rile da fiyus ɗin motar na zaruwa, kuma ko ana samunsu a shagunan Sakkwato. Ni dai tun ranar nan rile biyu da fiyus kala-kala na cikin aljihun gaban motata.