Yadda ƙafata ta kusa kashe aure a Jega

Ni dai sana'ata fiyano da waƙar biki nan Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya san harkar ya san kiɗan ba shi ne wahala ba, sunaye ne. Kowace amarya sai an rubuto maka dangi tun daga kaka har 'yar goyo kowa da kirarinshi, ka tsallake gwaggo guda ka ga yadda liƙi ke tsayawa cak. Da can takarda nike aiki da ita, yarona Ɗanjuma na tsaye shina buɗe min, ranar da fanka ta watsa min su a wata dina a unguwar Gesse na ce ya isa haka, na maida komai PDF cikin tablet.

To hannu biyu na bisa fiyano, wa zai shafa gilashi? Sai wani abokina ya kawo min feda daga Legas, ɗan abin takawa mai Bluetooth, ka taka dama shafi ya yi gaba, ka taka hagu ya dawo. Turawa masu karanta rubutun kiɗan nan mai kama da tururuwa bisa igiya su sunka fi aiki da shi. Tablet ma kallon kibod take mashi, shi ya sa ranar farko nata kibod na bisa gilashi ya ɓace min na zaci na lalata ta. A ɗaki dai gwaji ya yi kyau, har na ce ma Ɗanjuma ya fara neman wani aiki.

Abin da na manta, ƙafata ta dama tun ina yaro ita ke riƙe min kiɗa, in abu ya yi daɗi ba ta neman izinina.

Ranar Asabar munka tafi Jega dinar wata Hadiza. Ni kuma da ƙwauron wayo na haɗa bukukuwan satin duka a fayil guda. Baiti biyu na farko lafiya lau, sai mai kalangu ya shigo da zafi, ƙawaye sunka cika fili da anko, 'yan ɗari biyar na sauka bisa goshina, ashe ƙafa tana can ƙasa tana tap tap tap. Na ɗaga ido na rera abin da na gani da iya ƙarfina: ango ka yi dace, Rabi 'yar Argungu ta zama taka! Ashe ƙafa ta kai ni shafin bikin gobe Lahadi ke nan. 'Yan amshi kuma Allah ya shirye su sunka amsa, Rabi ta zama taka, har sau uku.

Wallahi sai da na ji ƙarar janareto kaɗai. Ashe angon kusan duk sati shina zuwa Argungu sarin shinkafa, wai dama ana ƙus-ƙus. Wata gwaggo ta taso zani a hannu har gaban sifika. "Kai ɗan nan, wace ce Rabi?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri ƙafa ce. "Ƙafar wa? Ƙafa ke waƙa garinku?"

Na kai ƙafa in koma baya, don ruɗewa na take fedar fiyano mai jan sauti, abu ya ɗauki wuuuu kamar jiniya, amarya na kuka, ango na rantsuwa da hula a hannu. Sai da babban abokin ango da gwaggo sunka karɓi tablet sunka karanta sunan angon Rabi da na ubanshi kafin anka yarda. Cikon kuɗina dai har yau ana cewa in ƙara haƙuri.

Fedar tana nan ban sayar ba. Ɗanjuma ke tsugunawa gefena shina danna ta da hannu, kuma ya ƙara kuɗin aiki wai saboda ciwon gwiwa.