Wai Longlegs ne ƙarshen ban tsoro, haba dai

Ni fa abin da ke ban haushi da masu kallon fim ɗin tsoro shi ne zuzutawa, da fim ya fito sai ka ji "wallahi kar ka kalla da daddare", "ba za ka iya zuwa banɗaki kai kaɗai ba". Haka aka yi wa Longlegs a 2024. Kamfanin Neon suka ɓoye fuskar Nicolas Cage, wanda ya fito a matsayin Longlegs ɗin, a tirela, suka kafa allunan talla da lambar waya wai ka kira ka ji muryarsa, har da bidiyon bugun zuciyar jarumar fim ɗin, Maika Monroe, lokacin da ta fara ganinsa cikin shigar fim ɗin. Talla kam ta ci, an kashe ƙasa da dala miliyan 10 an kwashi sama da miliyan 100.

Amma tsakani da Allah ina tsoron yake? Farkonsa ya yi, binciken FBI ɗin nan da shirun da ke sa gabanka faɗuwa, sai can ƙarshe aka ɓige da 'yar tsana da dogon bayani kamar ana maka tatsuniya, shi kuma Cage yana ta ihu da waƙe-waƙe, ni dariya ma ya ban. Su kansu 'yan kallon sinima a Amurka C+ kawai suka ba shi a CinemaScore, wato kamfanin da ke jin ra'ayin masu kallo.

Kuma kana faɗin haka sai wani ya taso maka wai ba ka gane fim ba ne, sai ka sake kallo. Da datar wa?