Daren da gada ta miƙe tsaye

Ɗan yayata da ke karatun likita a Rasha ne ya matsa mini sai na zo na ga Sant Fitasbag, birnin da Sarki Fita ya kafa a 1703 a kan fadama, inda sarakunansu suka yi mulki kafin a mayar da hedikwata Mosko a 1918. Na tafi a watan Yuni. Ya kama mini masauki a tsibirin Basiliyefski, ya ce yana da jarrabawa, in zaga da kaina. Har ya kai ƙofa ya juyo: "Kawu, ka dai lura da gada." Na ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake tsallaka gada."

Na fara da ganuwar Bitrus da Bulus, inda aka binne yawancin sarakunan. Ina tsaye da kofin shayi sai na ji wata ƙara, dam! Ban san lokacin da na kwanta rubda ciki ba, ina salati. Da na ɗago, mutane agogonsu kawai suke dubawa. Ashe kullum ƙarfe 12 na rana sai an harba igwa a wurin. Na tashi na kakkaɓe riga kamar mai neman abin da ya faɗi.

Daga nan na shiga gidan tarihi na Hamitej da ke Fadar Hunturu. Kaya kusan miliyan 3 suke ajiye da su, ƙafafuna kuwa biyu ne. Abin da ya tsaya mini a rai ma kyanwoyin gidan ne. Tun 1745 Sarauniya Elizabet ta sa aka kawo su daga Kazan saboda ɓeraye, har yau akwai su a ƙarƙashin fadar, da masu kula da su. Kyanwa da gidan sarauta, ni da kuɗin tikiti.

To, rana ce ta cuce ni. A wannan watan sai bayan ƙarfe 10 take faɗuwa, kuma ko ta faɗi gari ba ya yin duhu. Agogon hannuna yana kan lokacin gida, awa biyu baya. Na ci abinci, na yi ta yawo a titin Nebski hankali kwance, har na hango cincirindo a bakin kogin Neba. Na kutsa gaba, don ban san abin da ake rabawa ba.

Sai ga Gadar Fada ta tsage biyu, kowane ɓangare ya ɗaga sama da kwaltarsa da fitilunsa. Wallahi abin ya yi kyau. Duk wurin ba wanda ya kai ni tafi, har da jinjina. Sai da jiragen ruwa suka fara wucewa na hango tsallake, na gane can gadon barcina yake.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya rufe. Wani mai tasi ya ce akwai hanyar zagaye, ya rubuta mini kuɗin a wayarsa, na yi masa godiya. Na kira yaron nan. Sai da ya ƙare dariyarsa tas sannan ya ce, "Kawu, ƙarfe ɗaya ta wuce fa. Sai wajen biyar za a sauke ta."

Haka na kwana a kan benci cikin 'yar shara, iskar kogi tana kaɗa ni, ga matasa suna ta kiɗa ba su da niyyar barci. Kafin in kai masauki labari ya riga ni isa gida. Yayata ta bugo, ko gaisuwa babu: "An ce kai ka fi kowa tafi?"