Makin bak kaɗai ba ya nuna wanda zai kammala jami'a

Duk shekara idan sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita, ya fito a nan Damagaram, sai ka ji ana rabon makoma a majalisa: wane ya samu 14 bisa 20, wannan likita ne, wane kuwa sai a zagaye na biyu ya haye, Allah dai ya taimake shi. Ban raina makin lise, wato babbar sakandare, ba, domin bincike ya sha nuna cewa yana cikin alamomi masu ƙarfi na wanda zai yi nasara a jami'a. Amma shekarun da na yi ina saukar da ƴan uwa ɗalibai a gidana sun hana ni yanke hukunci da shi kaɗai.

Yara biyu sun taɓa zama a ɗakin zaurena, ɗaya daga Magariya da maki mai kyau, ɗaya daga Tanut wanda ya sha da ƙyar. Na farko ya dogara da kaifin ƙwaƙwalwarsa, ba ya shiga aji sai ya ga dama, kuma idan jarrabawa ta ƙarato sai ya ari littafin aboki ya yi fotokofi, ya kwana uku yana hadda da shayi a gefensa. Na biyu kullum bayan sallar isha'i yakan rufe littafinsa, ya ɗauki alli ya rubuta abin da ya tuna a kan wani guntun allo da ya jingina da bango, sannan ya buɗe ya duba inda ya yi kuskure. Shi ne ya karɓi lisans, wato digirin farko, cikin shekara 3, ɗan uwansa kuwa ya maimaita.

Abin bai kamata ya ba mu mamaki ba. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa take cinye abin da aka haddace cikin ƴan kwanaki idan ba a waiwaye shi ba, kuma a 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada cewa wanda yake jarraba kansa ya fi riƙe karatu bayan mako guda fiye da mai maimaita karantawa. Almajiri ya san wannan, shi ya sa ba a wanke allo sai an biya. Ga kuma tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da ake bi a Jami'ar André Salifou da sauran jami'o'inmu, inda lisans yake da zango 6, kowane da kiredi 30, wato ma'aunin darussan da dole ɗalibi ya ci. Wanda ya yi sakaci da zangon farko da bashi zai shiga na biyu.

Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa halartar aji tana hasashen maki fiye da sakamakon sakandare. A nan ne nake jin tausayin yaranmu, domin zuwa aji ba niyya kaɗai yake buƙata ba. Wanda ba shi da kuɗin kabu-kabu a zafin Afrilu, ko ɗalibar da sai ta bi layin famfo da asuba kafin ta fita, ba lalaci ne yake hana su zama a layin gaba ba. Akwai kuma Faransanci, wanda da yawa suke iya kwafa amma ba sa iya bayani da shi.

Saboda haka idan uba ya kira ni daga ƙauye yana tambayar ko ɗansa yana da ƙoƙari, nakan tambaye shi ko ya aiko masa da kuɗin mota da na abinci na wannan wata.